Lambun Hunturu Shi Ne Miyar Bazara

Da ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, sai hirar gindin bishiya ta koma kan sanyi da ƙura. Ga mai lambu kuwa, lokacin aiki ne ya zo. Abin da aka shuka da hunturu shi ne zai riƙe tukunyar miya idan bazara ta yi tsanani.

Me ya sa sai da hunturu?

Tumatir ba ya son zafi mai yawa. Idan rana ta ƙwalle a watan Afrilu, furensa yakan kaɗe, ba ya yin 'ya'ya sosai. Da damina kuma laima tana kawo masa cututtukan ganye. Sanyin hunturu ne ya fi dacewa da shi, haka ma albasa da karas da kabeji da latas. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura a Jihar Kano suke noman tumatir da rani, da ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa tumatir yake araha daga Janairu zuwa Maris, sannan ya yi tsada daga Mayu zuwa Yuli. Gidan da bai yi tanadi ba, miyarsa takan koma ruwa da gishiri.

Yadda ake yin lambun gida

Ba sai da babban fili ba. Bayan ɗaki ko gefen rijiya ya isa. A yi danga saboda awaki da kaji. A zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙone tsiro.

A zuba irin tumatir a ƙaramin fangali a watan Oktoba. Bayan kamar sati 4 a dasa shi da yamma, a bar kamu ɗaya tsakanin tsiro da tsiro. A riƙa ban ruwa da safe ko da yamma. Bayan wata 2 zuwa 3 da dashe za a fara tsinka.

Alayyafo ya fi sauri. Cikin sati 4 ana iya yankarsa. Idan ana zuba sabon iri duk bayan sati 2, ganye ba zai yanke a gida ba. Zogale kuwa a jikin danga ake dasa shi, yana ba da ganye shekara da shekaru.

A kula da tsutsar da manoma ke kira sharon. A 2016 ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa. Alamarta farin zane ne a jikin ganye. A cire irin wannan ganye a ƙone. Kafin a yi feshi a tuntuɓi malamin gona, ya faɗi maganin da kwanakin da za a jira kafin a ci.

Tanadin uwargida

Lokacin araha shi ne lokacin shanya. A yanka tumatir da kuɓewa, a shanya a kan tabarma mai tsabta, a bisa rumfa, ba a ƙasa ba. Ganye kamar zogale da rama da yakuwa a inuwa ake shanya su, domin rana tana kashe sinadarin bitamin A da ke ciki. Rashin wannan sinadari yana jawo wa yara dundumi. Idan kaya sun bushe ƙayau, a zuba a tulu ko gwangwani mai murfi, a ajiye inda babu laima.

Yana da kyau maigida da uwargida su zauna su tsara miyar sati. Misali, yau kuka, gobe taushe, jibi kuɓewa, gata kuma zogale da ƙuli-ƙuli. Ko babu nama, daddawa da gyaɗa da wake suna gina jiki. Ɗan manja ko man gyaɗa a miyar ganye yana taimakon jiki ya ɗauki bitamin A.

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya yi lambu da hunturu, ya shanya da araha, bazara ba za ta same shi da tukunya wayam ba.