Ɓeran rumbu da fumfunar huhun kare

Wanda ya taso a gidan noma ya san ranar da ake buɗe rumbu a ga hatsi ya ragu. Ɓarna dai an yi ta, sai dai wa ya yi? Ɓera ne, gara ce, ko ƙwaro? Kowanne da maganinsa, kuma wanda ya ɗana tarko alhali gara ke ci ta ƙasa, asararsa biyu.

Irin wannan tsaka-mai-wuya likitan dabbobi ke shiga a jihar Wiskonsin ta Amurka, ko a garuruwan bakin kogin Misisipi da Ohayo, idan aka kawo masa karen farauta yana tari, ya rame, zazzaɓi ya ƙi sauka. A ƙasa mai laima ta yankin akwai wata fumfuna, Blastomyces. Kare na tona da hanci, sai ya shaƙi ƙurarta. Da ta ji ɗumin jiki sai ta rikiɗa ta zama kamar yis, ta kama huhu, daga nan ta bi jini zuwa ido da fata da ƙashi. Hoton ƙirji yakan nuna fararen ɗigo birjik, amma ciwon daji ma haka yake nunawa. Hoton, a ganina, ganin raguwar hatsi ne kawai.

Hujjar da ta fi kowace ita ce a kama ɓeran da hannu. Likita zai tsira siririyar allura a kaluluwar da ta kumbura, ko ya dangwali ruwan gyambo, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Kowace fumfuna da kamanninta. Blastomyces ƙwallo ce mai kaurin bango, 'yarta manne da ita da faffaɗan wuya. Histoplasma mitsitsiya ce, takan cunkushe cikin fararen ƙwayoyin jini. Coccidioides ta hamadar Arizona kuwa babbar jaka ce cike da 'ya'ya, kamar an fasa rumman. An gani, magana ta ƙare.

Amma ɓera ba kullum yake faɗa wa tarko ba. A nan tsohuwar gida takan duƙa ta duba ƙasan rumbu, ta ce ga kashinsa nan. Gwajin fitsari ke nan: fumfunar na zubar da ɓurɓushin jikinta, ƙoda ta tace, na'ura ta gano. Ina ƙaunar wannan gwaji, domin karen da numfashi ke yi wa wuya ba sai an sake wahalar da shi ba. Sai dai kashin ɓera da na jemage sun yi kama, haka ma Blastomyces da Histoplasma sukan ba da sakamako ɗaya a wannan gwaji. Dole likita ya tambayi mai kare inda suka yi yawo.

Gwajin garkuwar jiki kuma kyanwa ce da ta kasa ta tsare a bakin rumbu. Mai yiwuwa da ɓera a ciki, mai yiwuwa na bara take tunawa. A Arizona da shi aka fi dogara, amma karnuka da yawa a can sun taɓa shaƙar Coccidioides suka warke, jininsu bai manta ba. Rainon fumfunar a faranti kuwa yakan ci makonni, kuma ƙurarta na iya kama ma'aikacin ɗakin gwaji.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne gaggawa. A ɗauka kumburi ne kawai a ba kare maganin da ke danne garkuwar jiki, tamkar an kori kyanwa ne an bar wa ɓera rumbu. Idan kuwa an gane Blastomyces ce, maganin itraconazole ake sha watanni, ana komawa gwajin fitsari, kamar yadda tsohuwa ke share ƙasan rumbu da yamma ta dawo da asuba ta ga ko da sabon kashi.