Darma Uku Da Suka Nuna Inda Rundunonin Rum Suka Faɗi

A bazarar shekarar 1988, wani hafsan sojan Birtaniya mai suna Tony Clunn ya tsinci wasu 'yan dunƙule uku na darma a gonakin Kalkriese, wani ƙauye da ke kimanin kilomita 20 arewa da birnin Osnabrück a ƙasar Jamus. Kowannensu bai fi ƙwallon aduwa mai ɗan girma ba. Tsakiyarsa da kauri, bakinsa biyu a tsuke, jikinsa ya yi fari-fari saboda daɗewa a cikin ƙasa. Da a juji aka tsince su, ko ɗan gwangwan ba zai tsaya tayawa ba. Clunn ya kai su wurin Wolfgang Schlüter, masanin da ke kula da kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa a yankin Osnabrück, shi kuwa ya gane ko mene ne su: harsasan majajjawa ne irin na sojojin Rum. Daga waɗannan dunƙule uku aka kama bakin zaren wata tambaya da malaman tarihi suka yi kusan shekara 500 suna gardama a kanta.

Asalin maganar ya koma shekara ta 9 miladiyya, zamanin Kaisar Augustus. A lokacin, Rumawa sun ƙetare kogin Rhine suna ƙoƙarin mayar da ƙasar ƙabilun Jamus lardin daularsu. Gwamnan da aka ɗora wa aikin shi ne Publius Quinctilius Varus. Cikin na hannun damansa akwai wani saurayi ɗan sarautar ƙabilar Cherusci, sunansa Arminius, wanda ya yi wa Rum aikin soja har aka ba shi 'yancin zama ɗan ƙasa. Tare suke cin abinci da gwamna. Wani dattijon ƙabilar, Segestes, ya gargaɗi Varus cewa saurayin nan da biyu yake zaune, amma gwamna ya ɗauki maganar a matsayin hassadar cikin gida.

Da kaka ta yi, runduna ta kama hanyar komawa sansanin hunturu. Sai aka kawo wa Varus labarin ƙarya, wai tawaye ya tashi a wani yanki. Ya saki hanyar da ya sani, ya bi wadda abokan Arminius suka nuna masa. Yana tafe da manyan rundunoni uku, ta 17 da ta 18 da ta 19, ga mahaya, ga dakarun taimako, ga bayi da mata da alfadarai da kekunan kaya, jerin ya miƙe kilomitoci. Ruwan sama ya tsuge, hanya ta zama taɓo. A cikin kwana uku zuwa huɗu mayaƙan Arminius suka yi ta datsar jerin nan gunduwa-gunduwa, har mutane tsakanin 15,000 zuwa 20,000 suka halaka. Varus ya faɗa kan takobinsa ya kashe kansa. Marubutan Rum sun ce Augustus ya yi watanni bai yi aski ba, yana buga kansa da ƙofa, yana kiran Varus ya dawo masa da rundunoninsa. Daga ranar, Rum ba ta ƙara raɗa wa wata runduna lambobin nan uku ba.

Bayan shekara shida, kwamandan Rum Germanicus ya isa wurin da sojojinsa, suka tarar da ƙasusuwa sun yi fari a fili, suka tattara suka binne. Daga nan wurin ya ɓace wa duniya. Marubuci Tacitus ya ambaci sunan dajin, Teutoburg, amma bai bar kwatancen da za a bi ba. Da aka gano rubutunsa a gidan ibada na Corvey, aka buga shi a 1515, sai nema ya tashi. Kowane gari yana so a ce a bayan gidansa aka yi, har ra'ayoyi suka haura 700. Aka ɗauki sunan Teutoburg aka liƙa wa wasu jerin tsaunuka da a da ake kira Osning. A 1875 aka ƙaddamar da wani ƙaton gunkin Arminius, mai tsawon mita 53 haɗe da ginin da yake tsaye a kai, kusa da Detmold, kimanin kilomita 70 daga Kalkriese.

Mutum ɗaya ya kusa cankar gaskiya. A 1885, shahararren masanin tarihin Rum, Theodor Mommsen, ya lura cewa manoman Kalkriese sun daɗe suna turo sulallan zinariya da azurfa da bakin garma, kuma yawancinsu na zamanin Augustus ne. Ya ce a nan aka yi yaƙin. Abokan gardamarsa suka ce ina makamai? Hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce, domin kuɗi ƙafa gare su. Fatake suna yawo da su, ɓarawo yana gudu da su, mai tsoro yana binne su. Samun kuɗin Rum a gona bai nuna sojan Rum ya taka ta ba. Maganar Mommsen ta kwanta shekara ɗari.

Clunn ya zo Osnabrück ne da aikin sashen kula da lafiyar sojoji. Abin da yake sha'awa a ranakun hutu shi ne yawo da na'urar gano ƙarfe a ƙasa, yana neman tsofaffin kuɗi. Abu na farko da ya yi, wanda duk labarin nan ya rataya a kansa, shi ne bai shiga gonar kowa a ɓoye ba. Ya je wurin Schlüter ya nemi izini da shawara, shi kuma ya nuna masa yankin da Mommsen ya ambata. A watan Yulin 1987 Clunn ya faɗa kan tarin sulallan azurfa, waɗanda suka kai kimanin 160 da aka gama tonowa. Ya miƙa su, tare da bayanin inda ya same su. Abin murna ne, sai dai har yanzu kuɗi ne, tsohuwar gardama tana nan daram. Shekara ta zagayo, sannan darma ta fito.

Yaya masani yake duban ɗan dunƙulen da ba rubutu a jikinsa ya ce ga abin da yake? Darma tana da arha, tana narkewa a wutar murhu, saboda haka mutane sun yi abubuwa barkatai da ita a kowane zamani. Daga dutse mai ƙyalli irin wanda ake daka tozali da shi ake fitar da ita, sau da yawa tare da azurfa. Gonakin Turai cike suke da tarkacenta: nauyin tarun masunta, ma'aunin 'yan kasuwa, hatimin da ake maƙala wa dilar tufafi, harsasan bindigogin da. Kowanne da alamarsa. Na taru yana da huda ko naɗi inda igiya ta bi. Ma'auni yana da gindi a shafe don ya zauna a kan sikeli. Hatimin tufafi falle ne mai tambari. Harsashin tsohuwar bindiga mulmulalle ne, kuma faɗinsa yana nuna bakin bindigar da aka yi shi dominta. Na majajjawa kuwa siffarsa daban take, doguwa mai tsini biyu, yawanci nauyinsa tsakanin giram 30 da 80. Rumawa suna kiransa da sunan 'ya'yan wata itaciya da yake kama da su.

Duk wanda ya yi tsaron gero yana yaro ya san abin da majajjawa take yi da tsakuwa. To a sa darma a madadin tsakuwar. Ga nauyi a ƙaramin jiki, iska ba ta tare ta sosai, ido ba ya ganin tahowarta. Xenophon na Girka ya ba da labarin cewa masu majajjawa na tsibirin Rhodes, da darmarsu, suna ninka nisan jifan Farisawa masu amfani da manyan duwatsu. Likitan Rum Celsus ya rubuta yadda ake ciro irin wannan harsashi daga jikin mutum. Wani lokaci ma masu zubin suna sa rubutu. A Olynthus, garin da Filibus na Makidoniya ya ci a shekara ta 348 kafin miladiyya, an sami masu ɗauke da sunansa. A Perusia ta Italiya, inda aka yi ƙawanya a shekara ta 41 zuwa 40 kafin miladiyya, an sami masu sunayen shugabannin ɓangarorin biyu, har da zage-zage. Irin waɗannan su ne ke faɗin shekarunsu da bakinsu.

Na Kalkriese ba su faɗi kome ba, amma kasancewarsu a wurin ta isa magana. Ƙabilun Jamus na lokacin ba sa zuba harsashin darma, kayan sojan Rum ne. Kuma ba abin da falke zai ɗauko daga nesa ya kawo kasuwa ba ne, ba kuma dukiyar da za a binne don gobe ba. Rashin darajarta shi ne ƙarfin shaidarta: inda ta faɗi, nan aka bar ta. Ga shi kuma ƙasa ba ta cin ta kamar yadda tsatsa ke cin baƙin ƙarfe, domin farin ɓawon da take yi shi ke kare cikinta. Ɗan hakin da aka raina, shi ya yi abin da zinariyar Mommsen ta kasa.

Saura sanin shekarar da aka jefa su. A nan darma ita kaɗai ba ta isa ba. Gwajin da ake yi wa ƙashi da gawayi da itace don sanin shekarunsu yana aiki ne a kan abin da ya taɓa rayuwa, darma kuwa ba ta taɓa ba. Kaurin ɓawonta ya danganta da irin ƙasar da ta kwana a ciki. Gwajin sinadarinta yana iya nuna mahaƙar da ta fito, amma ba ya faɗin ranar da aka jefa ta. Saboda haka sai a tambayi maƙwabtanta, wato abubuwan da suka kwanta tare da ita. Da aka fara haƙa bisa tsari a 1989, kuɗin da a da aka ƙi shaidarsu suka zama su ne masu ba da lokaci. An samu fiye da dubu. Da yawa daga cikin na jan ƙarfe an ƙara buga musu tambarin haruffa uku, VAR, wanda masana da dama suke karantawa a matsayin sunan Varus, shi kuwa daga shekara ta 7 zuwa ta 9 kawai ya yi gwamna a can. Sabon bugun kuɗin da aka fara yi a birnin Lyon bayan wannan lokaci kuma ba a gan shi a wurin ba. Darma ta ce sojoji sun zo, kuɗi suka ce ga lokacin da suka zo, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Ƙasar ma ta taimaka. Manoman yankin sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwaso ƙasa mai ciyawa, su cakuɗa da takin dabbobi su zuba a gonaki, har ta taru kusan mita guda a wasu wurare. Wannan lulluɓi ya hana garma kaiwa ga abin da ke ƙasa. A filin da ake kira Oberesch, inda hanya ta matse tsakanin tsauni da babbar fadama, aka gano ragowar ganuwar ƙasa mai tsawon kusan mita 400, da ƙasusuwan alfadari da ganuwar ta rufta wa. Aka samu kawunan māsu, ƙusoshin takalman soja, kayan aikin likita, da gutsattsarin sulke. A 1990 aka tono abin rufe fuska na ƙarfe irin na mahayan Rum, wanda aka ɓare azurfar da ke kansa. Sai kuma ramuka cike da ƙasusuwan maza da na dabbobi a gauraye, wasu ƙoƙunan kai da saran takobi. Bincike ya nuna ƙasusuwan sun yi shekaru a sarari kafin a binne su, daidai da abin da aka faɗa game da zuwan Germanicus.

Duk da haka, wasu masana sun tsaya a kan cewa wurin yana iya zama na wani faɗan da sojojin Germanicus suka yi a shekara ta 15. Amsa mafi ƙarfi ta sake fitowa daga ƙananan ƙarafa. Maƙeran kowace runduna suna narka tsofaffin kaya su sake zubi, har tagullarsu ta sami gauraye irin nata. A 2022 aka sanar da sakamakon binciken Annika Diekmann, wadda ta gwada ɗaruruwan samfura, ta ga na Kalkriese sun yi daidai da na Dangstetten, wani sansani a kudancin Jamus da runduna ta 19 ta taɓa zama. A wannan sansani ne kuma aka sami wani ɗan faifan darma da aka yi wa rubutu da tsinin ƙarfe. Masani Hans Ulrich Nuber ya karanta sunan wani bawa a kai, Privatus, da sunan ubangidansa Varus, da lambar runduna ta 19. Idan karatun ya tabbata, Varus ya jagoranci wannan runduna yana matashi, fiye da shekara 20 kafin ya kai ta inda ba ta dawo ba.

Clunn ya yi ritaya yana Manjo, ya zauna a yankin Osnabrück har rasuwarsa a 2014. An buɗe gidan tarihi a Kalkriese a 2002, kuma haƙa ba ta tsaya ba: a 2016 an sami sulallan zinariya takwas, a 2018 aka tono sulken sojan Rum kusan cikakke. Duk wannan ya biyo bayan ranar da wani mutum ya tsinci dunƙule uku marasa ƙyalli a gona, ya riƙe inda ya same su, ya kai wa wanda ya san su. Da ya zuba su a aljihu ya tafi da su gida, da sun koma darma kawai, gonar Oberesch kuma ta ci gaba da rufe matattunta.