Rigakafin Ƙarambau da Barazanar Zosta ga Yara Masu Raunin Garkuwar Jiki

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarambau, yana ɗaukarsa ciwon yarinta mai zuwa sau ɗaya ya wuce. Sai dai warkewar ƙurajen ba ita ce tafiyar cutar ba. Ƙwayar bairos da ke haddasa shi takan laɓe a tushen jijiyoyin da ke gefen laka. Idan garkuwar jiki ta yi rauni, sai ta farfaɗo a matsayin zosta, wato ƙuraje masu ruwa da raɗaɗi da ke bin layin jijiya a gefe ɗaya na jiki.

Tushen Damuwar

Michiaki Takahashi ne ya samar da rigakafin ƙarambau a Japan a 1974, Amurka kuma ta amince da shi a 1995. Da rayayyar ƙwayar da aka raunana ake yin sa, kuma ita ma tana iya laɓewa a jijiya. Daga nan tambaya ta taso: shin allurar ba za ta jawo zosta ga yaro mai sankarar jini ko ƙanjamau ba?

Wani bincike da aka wallafa a 1991 ya kwatanta yara 96 masu sankarar jini da aka yi wa allurar da wasu 96 da suka yi ƙarambau. Zosta ta fito wa 4 a rukunin farko, 15 a na biyu. Ke nan haɗarin yana nan, amma na ƙarambau ɗin kansa ya fi girma.

Halin da Ake Ciki a Kano

Wannan allura ba ta cikin jadawalin rigakafin yara na gwamnatin Nijeriya. Don haka yawancin yaran Unguwa Uku, Gyadi-Gyadi da Tarauni da ainihin ƙwayar suke haɗuwa, a gida ko a makarantar allo. Yaron da garkuwarsa ta yi ƙasa sosai ba a yi masa allurar, domin raunanniyar ƙwayar na iya yaɗuwa a jikinsa. Mai ƙanjamau kuwa sai gwajin CD4 ya kai kashi 15 cikin ɗari. Hukunci irin wannan na likita ne, a cibiya kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kammalawa

Idan ƙurajen zosta suka bayyana, maganin asaikulobiya ya fi tasiri cikin awa 72 na farko. Jinkirin da ake yi ana shafe-shafen gida na iya kai yaro ga rasa gani, idan ƙurajen a kusa da ido suke.