Jimi Hendrix: Ƙuruciyarsa da Mafarin Kiɗansa

Manazarta kan kasa makaɗa gida biyu, wato na gado da na haye. Jimi Hendrix, Baƙar fatar Amurka wanda ya yi fice a kiɗan gita na salon rok, yana cikin kashi na biyu. Wannan maƙala za ta duba yadda yaron da ba shi da malami, ba shi kuma da abin kiɗa, ya zama gwani.

An haife shi a birnin Siyatil ranar 27 ga Nuwamba, 1942, lokacin mahaifinsa, Al Hendrix, yana aikin soja. Ya tashi cikin talauci da yawan ƙaura, sa'an nan iyayensa suka rabu a 1951. A makarantar firamare an san shi da yawo da tsintsiya mai dogon mariƙi, yana kaɗa ta kamar gita. Wata jami'ar jin daɗin jama'a ta nemi makarantar ta saya masa gita na gaske, amma ba a amince ba.

A 1957, yana taya mahaifinsa kwashe tarkace a gidan wata tsohuwa, ya tsinci ukulele, wato wani ɗan ƙaramin abin kiɗa mai siffar gita. Tsirkiya ɗaya tak ta rage masa. Da ita ya riƙa bin waƙoƙin Elvis Presley amo bayan amo. Mahaifiyarsa, Lucille, ta rasu a Fabrairun 1958, a shekarar kuma ya sami gitarsa ta farko a kan dala 5. Da yake bahago ne, sai ya juya ta, ya sāke jerin tsirkiyoyin. Bai koyi karanta rubutun kiɗa ba; kunnensa ne malaminsa, domin yakan zauna da faya-fayan Muddy Waters da B.B. King yana kwaikwayo. A 1959 mahaifinsa ya saya masa gita mai lantarki, ya kuwa shiga ƙungiyar Rocking Kings.

Ya shiga soja a 1961, aka sa shi cikin sojan laima, aka sallame shi a 1962. Daga nan ya bi gidajen rawa na Baƙar fata a kudancin ƙasar, a zamanin wariyar launin fata, yana yi wa manya kiɗa, irin su Isley Brothers da Little Richard. A nan hannunsa ya faɗa, sai dai iyayen gidansa ba su so yaro ya janye musu idon jama'a ba. Sai a 1966, da Chas Chandler ya kai shi Landan, ya tsaya da ƙafarsa.

Ya rasu a 1970 yana da shekara 27. Shekara huɗu kawai ya yi yana tashe, amma kusan tara ya shafe yana koyo, tun daga tsirkiya guda ɗin nan.