Takardar Bayyana Matsayi: Yadda Ɗalibi Zai Kafa Hujja a Rubuce

Duk ɗalibin da ya shiga kwaleji ko jami'a a Amurka, ko likita yake nufin zama ko injiniya, da wuya ya gama shekararsa ta farko ba a ɗora masa darasin rubutu ba. Wannan al'ada ta kafu a Jami'ar Harvard tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, daga nan ta bazu cikin ƙasar. Daga cikin ayyukan da akan bayar a darasin akwai wanda za mu kira takardar bayyana matsayi. Watau malami ya kawo wata magana wadda jama'a suka rabu a kanta, ya ce wa ɗalibi ya zaɓi gefe guda, ya rubuta 'yan shafuka yana kafa hujja har ya jawo mai karatu zuwa ga ra'ayinsa. Ana ba da irin wannan aiki a jami'o'in ƙasashe da yawa, ko da yake sunansa yakan bambanta.

Akwai ramuka biyu da ɗalibai suka saba faɗawa ciki. Wani yakan jero abin da waɗannan suka ce da abin da waɗancan suka ce, sa'an nan ya ajiye alƙalami bai tsaya ko'ina ba. Wani kuwa yakan hau dokin zuciya, ya cika takarda da wa'azi, kamar duk wanda bai yarda da shi ba jahili ne ko azzalumi. Dukansu biyu sukan sha mamaki ranar da aka dawo musu da takardunsu. Abin da malami yake nema shi ne ɗalibi ya tsaya a wuri guda, amma bayan ya nuna ya san mafi ƙarfin hujjar abokin gardamarsa, ya kuma amsa ta bisa adalci. Ƙarfin takarda a nan yake.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Tun watan Yuli na 2009 mafi ƙarancin albashin da dokar tarayyar Amurka ta yarda a biya ma'aikaci shi ne dala 7 da santi 25 a kowace sa'a, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu sama da haka. An daɗe ana gardama ko ya kamata a mai da shi dala 15. To, a ce wannan ce maganar da aka ba ɗalibi.

Aikinsa na farko shi ne ya tsai da matsayinsa cikin jimla guda, wadda mai hankali zai iya musantawa. In ya rubuta cewa talauci mugun abu ne, bai ɗauki matsayi ba, domin ba mai ja da shi. Amma in ya ce ya kamata Majalisar Dokokin Amurka ta ɗaga albashin sannu a hankali cikin shekara biyar, sa'an nan ta ɗaure shi da farashin kaya yadda zai riƙa hawa da kansa, to, ya faɗi wanda zai yi aikin, da abin da zai yi, da lokacin yinsa. Wannan jimla ita ce ginshiƙin takarda. Duk sakin layin da bai jingina da ita ba, komai daɗinsa, sai a cire shi.

Aiki na biyu shi ne kawo dalili. A nan ɗalibinmu zai yi murna in ya gamu da binciken David Card da Alan Krueger, masana tattalin arziki na Jami'ar Princeton a lokacin. A watan Afrilu na 1992 jihar New Jersey ta ɗaga mafi ƙarancin albashinta daga dala 4 da santi 25 zuwa dala 5 da santi 5, maƙwabciyarta Pennsylvania kuwa ba ta taɓa nata ba. Masanan biyu suka bincika gidajen sayar da abinci 410 a jihohin, kafin ƙarin da bayansa. Sakamakon da suka buga a 1994 ya nuna ayyuka ba su ragu a New Jersey ba, saɓanin abin da yawancin masana suke tsammani. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka sa aka ba Card kyautar Nobel a 2021.

Amma dalili shi kaɗai ba ya tsayawa da ƙafarsa. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya yi bayanin haka cikin littafin da ya buga a 1958 game da yadda mutane suke amfani da hujja, kuma har yau littattafan koyar da rubutu a Amurka suna bin tsarinsa. A ganinsa, tsakanin da'awa da dalili akwai wata gada, watau abin da marubuci ya ɗauka gaskiya ne ba tare da ya faɗa ba, wanda shi ne yake ba shi damar tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Mene ne gadar ɗalibinmu? Ita ce zaton cewa abin da ya auku a New Jersey zai auku a duk faɗin ƙasar. To, ƙarin New Jersey santi 80 ne, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na albashin ba, alhali tashi daga dala 7 da santi 25 zuwa dala 15 ya wuce ninki biyu. Bugu da ƙari, jiha irin Mississippi, inda albashi da tsadar zama suke ƙasa, ba daidai take da New Jersey ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gara ɗalibi ya gano wannan ɓaraka da kansa tun malami bai nuna masa ita da jan alƙalami ba.

Wannan ya kawo mu ga aiki na uku, wanda ya fi duka nauyi, watau bai wa ɗaya gefen haƙƙinsa. Wasu masana biyu, David Neumark da William Wascher, sun sake duba maganar New Jersey. Suka ce su Card ta wayar tarho suka tattara labarinsu, su kuwa da takardun biyan albashi na gidajen abincin suka yi aiki, kuma sun ga ayyuka sun ragu. An buga nasu binciken a 2000, tare da amsar su Card, waɗanda suka koma ga alkaluman gwamnati suka ce ba su ga raguwar a zo a gani ba. Har ila yau, a 2019 ofishin kasafin kuɗi na Majalisar Dokokin Amurka ya yi kiyasin abin da zai biyo baya in aka kai albashin dala 15. Ya ce ma'aikata miliyan 17 za su sami ƙari kai tsaye, mutum miliyan 1.3 za su fita daga talauci, amma kuma bisa matsakaicin kiyasi mutum miliyan 1.3 za su rasa aiki.

Ɗalibin da ya ɗauko miliyan 17 ya ɓoye waɗanda za su rasa aiki ya ci amanar mai karatu, kuma da zarar an kama shi, sauran maganarsa ta zube. Wanda ya san abin da yake yi zai kawo duka ukun, ya bayyana hujjar masu suka yadda su kansu za su ce lalle haka muke nufi. Sa'an nan ya amsa. Zai iya cewa saboda wannan haɗari ne ya nemi a yi ƙarin a hankali. Zai iya ma rage da'awarsa, ya sauko ƙasa da dala 15, ko ya sa togaciya ga yankunan da albashi yake ƙasa. Sauya jimlar farko bayan bincike ba abin kunya ba ne. Alama ce ta cewa karatun ya shiga.

Wannan ladabi ba baƙo ba ne ga masu karatun Hausa da Larabci. A farkon ƙarni na 19 Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya aika wa shugabannin jihadin Sakkwato wasiƙu, yana tuhumar dalilinsu na yaƙar ƙasar da mutanenta Musulmi ne. Muhammadu Bello ya amsa masa, kuma da ya zo rubuta littafinsa Infakul Maisuri bai ɓoye sukar ba, ya sa maganar al-Kanemi a ciki tare da amsarsa. Shi ya sa har yau mai karatu yake iya auna hujjojin ɓangarorin biyu da kansa.

Game da tsarin takarda kuwa, ba shi da wuya. Gabatarwa ta faɗi matsalar da matsayin marubuci. Sai taƙaitaccen tarihin maganar, gwargwadon abin da mai karatu yake bukata. Sai hujjoji biyu ko uku, kowace da sakin layinta da dalilinta. Sai hujjar masu suka da amsarta. Daga ƙarshe a faɗi abin da ake so a aikata. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotil na ƙasar Girka ya ce hanyoyin jawo ra'ayi uku ne: mutuncin mai magana, da motsa zuciyar mai sauraro, da ita hujjar kanta. A rubutun jami'a hujja ce a gaba. Labarin uwa mai aiki biyu don ta ciyar da 'ya'yanta yana da wurinsa, amma ba ya maye gurbin alkaluma. Mutunci kuwa ana samunsa ta wurin harshe mai natsuwa, da guje wa zagi, da faɗin inda aka samo kowane adadi da kowace magana. Ɗaukar rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba laifi ne babba a jami'a, yakan jawo faɗuwa a darasin, wani lokaci har kora.

Kafin ɗalibi ya miƙa takardarsa, yana da kyau ya ba wani abokinsa wanda bai yarda da ra'ayinsa ba ya karanta. In abokin ya ce, "Ban sauya ra'ayi ba, amma ka faɗi nawa daidai, kuma amsarka tana bukatar tunani," to, aiki ya yi. Wannan horo ba a aji zai ƙare ba. Gobe shi ɗalibin ne zai rubuta wa minista shawara, ko ya tsaya gaban alƙali, ko ya nemi taimako ga unguwarsu a gaban hukuma, kuma a can waɗanda za su karanta ba maki za su ba shi ba, hukunci za su yanke a kan rayuwar mutane.

A nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.