An ce sankarar bakin mahaifa ce, sai kuma me?

Mace za ta shekara tana ganin jini bayan kwanciyar aure, ko ruwa mai wari yana zubo mata, tana ta shan maganin sanyi. Ranar da aka yanki ɗan nama a bakin mahaifarta aka auna, sakamako ya fito da sunan daji, sai gida ya rikice. Nan da nan wata goggo za ta ce kada a bari ƙarfe ya taɓa ta, wai daji ba ya son allura. 'Yar'uwa, wuƙar likita ba ta watsa wannan cuta. Watannin da ake ɓatawa ana jiƙe-jiƙe ne ke ba ta damar yaɗuwa.

Tambayar farko da za ki yi wa likita ita ce: mataki na nawa ta kai? Matakan huɗu ne, kuma magani na bin mataki.

Idan sauyi ne kawai aka gani a fatar bakin mahaifa, bai zama daji ba tukuna, aikin mintoci ne. A ƙona wurin da zafi, ko a daskarar da shi, ko a shafce shi da siririyar waya, ki koma gida a ranar, mahaifarki tana nan. Idan dajin ya tabbata amma bai fita daga bakin mahaifa ba, galibi tiyata ake yi a cire mahaifar. Wadda ke son haihuwa ta faɗa tun kafin a sa rana, domin idan ciwon ƙarami ne ƙwarai akan iya cire bakin kaɗai.

Mafi yawan matanmu sai cutar ta wuce nan suke isa asibiti. Maganinsu gashi ne, kuma sunan kawai ke firgita mutane. Babu wuta a ciki. Za ki kwanta a ƙarƙashin na'ura na 'yan mintoci, ba ki jin komai, Litinin zuwa Juma'a, kimanin mako biyar. Sau ɗaya a mako a sa miki maganin cisplatin ta jijiya don ya ƙara wa gashin ƙarfi. Daga baya a yi gashin ciki, inda ake kai hasken da ke kashe cutar dab da ciwon. Ana so a kammala duka cikin mako takwas. Akan yi gudawa, da zafin fitsari, da kasala, al'ada ma takan ɗauke ke nan. Amma kina iya kwana da 'ya'yanki, ki ci abinci kwano ɗaya da su.

Inda ake tafka asara shi ne a mako na biyu ko na uku. Jini ya tsaya, wari ya ragu, kuɗin masauki a Shika ko Abuja ko Sakkwato, inda ake gashin, ya fara ciwo, sai maigida ya ce a koma gida, ai ta samu sauƙi. Ragowar cutar tana nan, kuma idan ta dawo ta fi wuyar sha'ani. Gara dangi su zauna tun farko su lissafa kuɗin wata biyu, su tanadi masu ba da jini, tunda gashi bai cika aiki sosai a jikin da jininsa ya yi ƙasa ba.

Wadda cutar ta kai mata huhu ko ƙashi, ana ba ta maganin jijiya don rage wa cutar gudu, a yi gashi kaɗan don tsayar da jini. Tana da haƙƙin a ba ta maganin raɗaɗi mai ƙarfi irin su mofin. Idan ba a ambata ba, mai jinya ya buɗe baki ya tambaya.