Idan Ruwa Ya Ci Naki: Haƙƙin Da Bai Kamata A Yafe Da Yawunki Ba

Idan kina zaune a Kibiya ko Tarai ko cikin garin Rano kika ji ana zancen dokar jiragen ruwa, wataƙila ki ce ina ruwan biri da gada, tunda teku tana can Legas, tafiyar yini da kwana a mota. To amma ki ɗan duba kusa da ke. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga ta nan ta wajen Rurum, kullum masunta da masu fito suna kanta. Sannan ki ƙirga samarin unguwarku da suka tafi ci-rani: wani yana dako a tashar jiragen ruwa ta Apapa, wani ya samu aiki a cikin jirgi, wani kuma fatauci yake kai shi Kamaru ko Gabon ta ruwa daga Kalaba. Duk ranar da ruwa ya taɓa ɗaya daga cikinsu, ke ce za a bari da jinya ko da marayu.

Ba mu manta da Ɓagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka madatsar Watari, ya kife da mutanen da ke ciki. Aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan Islamiyya da za su je Maulidi. Jami'ai sun ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa. A watan Mayun wannan shekarar an yi wanda ya fi shi muni a Warrah ta jihar Kebbi, sannan a watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara suna dawowa daga biki. Kowane lokaci tsarin ɗaya ne. Manya su zo ta'aziyya, a kawo buhunan shinkafa da ɗan abin da aka sa a ambulan, a kafa kwamiti, a watse. Bayan sadakar arba'in sai gida ya koma daga ke sai yaranki.

Abu na farko da ya kamata ki riƙe shi ne, abin da gwamnati ko ɗan siyasa ya kawo ranar zaman makoki tallafi ne. Ki karɓa, ki yi godiya. Amma diyya daban take: haƙƙi ce da ke kan wanda sakacinsa ya jawo ɓarnar, ko kan wanda mamacin yake yi wa aiki, kuma karɓar tallafi ba ya kashe ta. Abin da zai iya kashe ta shi ne takardar da aka miƙo miki kika sa hannu ko kika dangwala ba tare da an karanta miki ba. Idan wakilin kamfani ya zo da kuɗi a hannun dama da takarda a hannun hagu, ki ce a bar takardar tukuna, wani naki mai ilimi zai duba.

"Mun bar wa Allah"

Wannan ita ce kalmar da ta fi cinye haƙƙin mata da marayu a irin wannan lokaci, kuma sau da yawa ba daga bakin matar take fitowa ba. Ƙanin miji ne ko baffa zai miƙe a zaure, a gaban mutane, ya ce ƙaddara ce, sun yafe. Jama'a su yi ta sa masa albarka. Ita kuwa mai takaba tana cikin ɗaki, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta.

Babu Musulmar da ke jayayya da ƙaddara. Sai dai addinin da ya koya mana yarda da ita shi ne ya shar'anta diyya a kisan kuskure, a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. A mazhabar Malikiyya da muke bi, cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinare 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Dinare 1,000 ya kai kilo huɗu da kwata na zinariya, wanda a farashin yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne. Gaɓoɓi ma suna da nasu lissafin, misali hannu ɗaya rabin diyya ne. Kuma diyyar rai ana raba ta ne kamar gado: matar mamaci tana da kasonta, uwarsa tana da nata, 'ya'yansa suna da nasu. Baligi yana iya yafe kasonsa shi kaɗai. Baffa ba shi da ikon yafe kason matar ɗan'uwansa, kuma dukiyar maraya ba abin da waliyyi zai yi kyauta da ita ba ce don a yabe shi a zaure. Ki tambayi kowane alƙali ko malamin fiƙihu a kan wannan.

Ko matuƙin da ya ɗora mutum hamsin a jirgin da aka yi don mutum ashirin ya shiga hukuncin mai sakaci, wannan alƙali ne zai duba da hujjoji. Dokar ƙasa dai ta fayyace abin da ake nema daga mai jirgi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lakwaja, ta hana lodin da ya wuce ƙima, ta hana tafiyar dare, ta wajabta wa kowane fasinja rigar kariya daga nutsewa. Mai fiton da ya karya waɗannan ya buɗe ƙofar a bi shi. Sai dai ki sani, idan an ba mutum rigar ya ƙi sawa, kotu tana iya rage abin da za a biya, domin shi ma ya sa hannu a abin da ya same shi.

Gaskiyar da ba za a ɓoye miki ba ita ce, mai kwale-kwalen ƙauye yawanci talaka ne kamar kowa, ba shi da inshora, wani lokaci ma shi da kansa yana cikin waɗanda ruwan ya ci. Ko kotu ta yanke masa miliyoyi, ba inda zai samo su. A irin wannan hali sulhu ya fi amfani: a zauna gaban dagaci ko hakimi ko alƙali, a amince da abin da zai iya, ko kuɗin asibiti ne, ko wani abu duk wata don makarantar yara, a rubuta, shaidu su sa hannu. Sulhun baki kawai, damina ɗaya ya isa a manta da shi. Kuma kafin a zauna a bincika ko jirgin na matuƙin ne, domin sau da yawa akwai mai kuɗin da ya saya ya ba shi yana kawo balas, ko ƙungiya, ko ma ƙaramar hukuma. Mai jirgi yana ɗaukar alhakin sakacin yaronsa a bakin aiki.

Idan ma'aikaci ne

Nan ne doka ta fi ƙarfi, nan ne kuma aka fi yin asara saboda rashin sani. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata, na gwamnati da masu zaman kansu, su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF. Ba daga albashin ma'aikaci ake cirewa ba, dokar ta hana. Idan ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki, daga wannan asusun ake biya, kuma ba sai an tabbatar da cewa laifin kamfani ne ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye, waɗanda da shi suka dogara, dokar ta tanadar musu kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan ɗa ɗaya ne, kashi 85. Wanda ya nakasa gaba ɗaya shi ma kashi 90 ne. Ko da an sa ma'aikaci ya rubuta tun farko cewa ya haƙura da wannan haƙƙi, dokar ba ta san da wannan rubutun ba.

Wanda kuma yake aiki a cikin babban jirgin da ke ratsa teku yana da ƙarin kariya daga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ma'aikatan jiragen ruwa ta 2006, wadda Najeriya ta amince da ita a 2013, kuma hukumar NIMASA ce ke sa ido a kanta. A ƙarƙashinta mai jirgi ne zai biya kuɗin magani da abinci da masaukin ma'aikacin da ya yi ciwo ko ya ji rauni, ya ci gaba da biyansa albashi gwargwadon ƙa'ida, kuma dokar ƙasa ba za ta taƙaita wannan nauyi ya gaza mako 16 ba. Shi zai mayar da shi gida, shi zai ɗauki kuɗin jana'iza idan ya rasu yana kan aiki. Tun 2017 kuma dole kowane irin wannan jirgi ya manna takardar shaidar inshorar mutuwa da nakasa a inda ma'aikata za su gani. Don haka idan ɗanki yana aikin jirgi, yau ɗin nan ki ce ya ɗauki hoton takardar ɗaukarsa aiki, da katin shaidarsa, da waccan takardar inshora, ya turo miki ta WhatsApp tare da sunan jirgin. Uwa da yawa abin da ta sani kawai shi ne "yana aiki a ruwa a Legas", kuma da wannan ba lauyan da zai iya gano ko wa za a bi.

Masu dako da leburori da ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, domin kowa sai ya ce ba yaronsa ba ne. Su ma dokar 2010 ta shafe su. Abin da ke cetonsu shi ne duk wata alama ta cewa sun yi aikin: saƙon banki na biyan kuɗi, katin shiga tasha, katin ƙungiyar ma'aikatan ruwa, da abokan aiki biyu da za su tsaya su yi shaida.

Lokaci ba ya jiran a gama takaba

Wannan ne wurin da nake so ki fi natsuwa. Takaba wata huɗu da kwana goma ce. Amma dokar diyyar ma'aikata ta ce a sanar da mai kamfani cikin kwana 14 da faruwar abin, shi kuma ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da takardar neman diyya cikin shekara guda. Ana iya karɓa har zuwa shekara uku, amma sai an nuna wani uzuri na musamman. Idan kuwa jirgin na gwamnati ne ko wani jami'inta ake tuhuma da sakaci, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke iya rufe ƙofar ƙara bayan wata uku kacal. Wato kafin ki fita daga takaba lokacin ya wuce. Fasinjan babban jirgi mai tafiya tsakanin ƙasashe kuma, yarjejeniyar Atina ta 1974 shekara biyu ta ba shi.

Saboda haka kada ki ce sai hankali ya kwanta. Ki zaɓi mutum ɗaya da kika amince da shi, yayanki ko ɗanki babba ko ƙanwarki mai karatu, ki wakilta shi tun a makon farko. Ya rubuta wa kamfani sanarwa, ya riƙe kwafi. Ya karɓo rahoton 'yan sanda. Idan rauni ne, a je asibiti ko da ana ganin da sauƙi, domin wanda ya sha ruwa yana iya tashi garau, daga baya huhu ya rikice. A roƙi likita ya rubuta cewa hatsarin jirgin ruwa ne ya jawo, kuma duk rasit na magani, har na mota zuwa Babban Asibitin Rano ko Kano, a tara a leda ɗaya. Idan rasuwa ce, mun saba gaggauta jana'iza, kuma daidai ne, amma a nemi takardar likita, sannan a yi rajistar mutuwar a ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da ke ƙaramar hukuma.

Akwai kuma wanda ruwa bai dawo da gawarsa ba. Dokar shaida ta 2011 tana ɗaukar mutum a matsayin mamaci ne idan an shekara bakwai ba a ji ɗuriyarsa ba, sai fa idan an kawo hujjar da ta gamsar da kotu tun kafin nan. Shi ya sa sunayen waɗanda suka ga shigarsa jirgin, da waɗanda suka tsira, da masu ninƙayan da suka yi aikin ceto, suke da tsada. A rubuta su da lambobin wayarsu tun abin yana sabo. A kan matsayin aurenki da rabon gado kuwa, alƙalin kotun Musulunci za ki tunkara.

Batun wace kotu za a je, ki bar wa lauya. A taƙaice, abin da ya faru a teku ko a kogin Neja da Binuwai hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, rikicin ma'aikaci da kamfani yana zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma duka biyun suna da zama a Kano. Idan kuɗin lauya ne ya tsorata ki, Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta Ƙasa tana da ofis a Kano, kuma neman diyyar hatsari yana cikin abin da take yi wa marasa hali kyauta. Ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA ma tana sauraron mata. Idan lauya mai zaman kansa ne ya ce zai yi aikin a biya shi daga abin da aka samo, ku rubuta kason da zai ɗauka tun kafin ya fara, ki riƙe kwafinki.

Ranar da makarantar su yaranki ta aiko cewa za a tafi Maulidi ko musabaƙa ko ziyara, ki tambayi malam ta wace hanya za a bi. Idan da tsallaka ruwa, ki ji yara nawa za a zuba a jirgi ɗaya, ko akwai rigar kariya daidai jikin yaro, ko za a rubuta sunayensu kafin su hau, da kuma ƙarfe nawa za a dawo. Idan amsar ita ce sai bayan magariba, ki ce naki zai bi mota ko da za a yi zagaye.